Gidan Ɗan Hausa: A Bar Ginin, a Gyara Labarin

A wata majalisa da muke zama bayan sallar isha'i, hira ta biyo ta kan tsadar filaye a Kano, sai wani matashi mai sana'ar dillancin gidaje ya sako zancen Gidan Ɗan Hausa. A lissafinsa, asara ce babba a bar fili irin wannan a tsakiyar Nassarawa, dab da Gidan Gwamnati, yana ɗauke da tsohon ginin ƙasa. Ya ce da shi ke da iko, da tuni katafila ta bi ta kansa an jera shaguna, "tunda dai gidan Baturen da ya kawo mana boko ne, ba gidan waliyyi ba."

Wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin makaranta, bai bari ya rufe baki ba. Ya ce: "Kai yaro, ka san ko wane ne Ɗan Hausa kuwa? Mutumin da ya ƙaunace mu, ya ji harshenmu fiye da wasunmu, ya fitar da mu daga duhu?" Matashin ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," aka bar maganar a nan. Ni dai na koma gida raina bai kwanta da maganar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Matsayina shi ne, wajibi ne a ci gaba da adana wannan gida a matsayin wurin tarihi, a kuma kashe masa kuɗin da yake buƙata, amma dalilin adana shi ba ladan da muke biyan wani Bature ba ne. Gidan shaida ce a kan lokacin da aka sauya wa Arewa hanyar karatu, da rubutu, da neman aiki, kuma yawancin mutanen da abin ya faru a kansu ba a ambaton su idan ana ba da labarinsa. Matashin yana so a kawar da shaidar, dattijon kuma yana so a saurare ta daga bakin mutum ɗaya kaɗai.

Mai gidan a taƙaice

Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ɗan ƙasar Siwizalan ne, an haife shi a birnin Basel a 1876. Shigowarsa ta farko ƙasar nan a matsayin ɗan mishan ya yi ta, a ƙarƙashin CMS, ƙungiyar 'yan mishan ta Ingila. Daga baya ya ajiye wannan aiki, ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1903, ya shiga aikin mulki aka tura shi Borno. A 1906 ya keto Sahara tare da ayari daga Tarabulus har zuwa Borno. Gwamna Girouard ne ya ɗora masa aikin tsara ilmin gwamnati a Arewa, aka tura shi ya duba yadda makarantu ke gudana a Masar da Sudan, sannan a 1909 ya buɗe makaranta a Nassarawa, a wajen ganuwar Kano, wadda ita ce makarantar gwamnati ta farko ta wannan tsari a Arewa. Yaƙin Duniya na Farko ne ya raba shi da Kano, ya kuma rasu a 1945. Gidan da ya zauna a ciki yana nan a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

"Gidan maƙiyi ne, me za a yi da shi?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi saurin shiga zuciya, kuma ba zan yi kamar ba ta da tushe ba. A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano da bindiga. Waziri Ahmadu ya kwanta dama a Kwatarkwashi, aka kama Sarki Alu aka kai shi Lokoja inda ya ƙare rayuwarsa, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a cikin wannan shekarar. Shekara shida kacal ke tsakanin wannan jini da buɗe makarantar Nassarawa. Yaran da aka fara zaunarwa a gaban baƙin allo sun girma suna jin labarin yaƙin daga bakin waɗanda suka gan shi da idonsu. Duk wanda ya ce makarantar ba ta da alaƙa da cin ƙasar, to bai faɗi gaskiya ba.

Sai dai wannan hujja, idan aka bi ta a hankali, adana gidan take goyon baya. Mutumin da aka ci wa gona ba ya yaga takardar da ke nuna ranar da aka ci ta da sunan wanda ya ci. Ajiye ta yake yi a ƙasan akwati, domin ranar da jikokinsa za su tambaya. Rushe Gidan Ɗan Hausa ba zai mayar da Sarki Alu kan gadonsa ba, ba zai kuma cire boko daga hannun 'ya'yanmu ba. Abin da kawai zai rage shi ne wurin da malami zai iya tsayar da ɗalibansa ya ce musu: a nan aka fara.

Mun ga yadda rashin irin wannan wuri yake. Zungeru ta kasance hedkwatar mulkin Turawa a Arewa tun daga 1902 har aka koma Kaduna, amma yau abin da ya rage na gine-ginen wancan zamani kufai ne a cikin ciyawa, sai 'yar gadar Gwamna Lugga da aka ciro aka kai Kaduna a 1954. A Legas kuwa, gidan nan da ake kira Ilojo Bar, wanda aka sa a jerin wuraren tarihi na ƙasa tun 1956, an wayi gari a watan Satumban 2016 an baje shi. Sunansa yana cikin jerin, doka kuma tana nan, amma babu ɗayansu da ya tare katafila. Mu ma a Kano ba sai an ba mu labari ba, domin kowa yana ganin yadda badala ke narkewa tana komawa filayen gini da ramukan ɗibar ƙasa, alhali tun 2007 aka gabatar da ita ga hukumar UNESCO.

Ga masu kallon abin ta fuskar addini, suna tsoron kada adana gida ya zama girmama mai gidan, amsar gajeriya ce. Babu mai zuwa Gidan Ɗan Hausa neman tabarruki. Alƙur'ani kuma a wurare da dama ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance, kuma ba a duba abin da aka riga aka share.

"Ai masoyinmu ne"

Maganar dattijon ta fi ta matashin daɗin ji, shi ya sa ma ta fi ta buƙatar a tsaya a kanta. Ita ce maganar da aka fi maimaitawa a rubuce-rubucen da muke yi game da gidan: Bature ya zo, ya ƙware a Hausa, ya zauna a gidan ƙasa kamar kowa, ya kawo ilmi.

Akwai gaskiya a ciki. Vischer ya ji Hausa ƙwarai, kuma bai raina abin da ya tarar ba kamar yadda da yawa daga cikin 'yan uwansa suka yi. Ya tsara makarantarsa da Hausa ake koyarwa, ya sa malamai suna karantar da Larabci da addini, ya bar ɗalibai da suturarsu, ya kuma buɗe sashen sana'o'in hannu. Duk da cewa ya taɓa zama ɗan mishan, makarantar ba ta zama wurin wa'azin Kirista ba. Wannan abin a faɗa ne, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi.

Amma kalmar "duhu" da dattijon ya yi amfani da ita ba ta da wurin zama. Turawan da kansu, a ƙididdigar da suka yi a farkon mulkinsu, sun tarar da makarantun allo fiye da 20,000 a Arewa. Kano tana da alƙalai masu yanke hukunci da littattafan fiƙihu, da fatake masu rubuta wasiƙu zuwa Gwanja da Tarabulus, da mawaƙa masu rubuta waƙoƙinsu da ajami. Abin da ya faru a Nassarawa shi ne an kawo wani sabon ilmi, aka kuma ɗaura masa albashi da muƙami, aka bar wancan na da babu ko ɗaya. Daga ranar da ofis ya daina karɓar takarda sai wadda aka rubuta da baƙaƙen Turawa, malamin da ya yi shekara 30 yana karatu ya koma wanda ake kira jahili a gaban yaron da ya yi shekara uku a aji. Har yau ba mu gama biyan wannan bashi ba, kuma duk wanda ya taɓa cike fom ya ga an tambaye shi matakin karatunsa babu gurbin allo ko zaure, ya san abin da nake nufi.

Ba Vischer ne ya ƙirƙiro rubuta Hausa da boko ba, domin 'yan mishan irin su Schön sun riga shi da shekaru masu yawa, kuma Lugga ya riga ya fifita baƙaƙen Turawa a harkar mulki. Abin da Vischer ya yi shi ne daidaita abin da mayar da shi tsarin makaranta, musamman da ƙa'idojin rubutun Hausa da ya fitar a 1912. Baƙaƙe masu lanƙwasa da muke amfani da su yanzu sun zo daga baya, a shekarun 1930. Ina sane da cewa wannan rubutu da nake yi, da wannan boko nake yin sa, kuma da shi mai karatu ke karanta shi a wayarsa. Ban zo in tsine wa abin da nake ci da shi ba. Abin da nake cewa shi ne an karɓi wani abu an ba da wani, kuma ya kamata a lissafa duka biyun.

A gidanmu akwai wata wasiƙa da kakana ya rubuto wa ƙaninsa daga Kumasi, lokacin da yake fataucin goro. Takarda ce mai kauri da ta yi ja saboda tsufa, an naɗe ta sau huɗu, tawadar ta ɗan ci gefe ɗaya. Hausa ce tsantsa, da ajami. A cikin jikokinsa da 'ya'yansu akwai likita, akwai lauya, akwai masu digiri biyu, amma da aka fito da ita a wani taron suna, sai da aka aika aka kira wani tsohon malamin zaure kafin a ji abin da ke ciki. Gaisuwa ce, da farashin goro, da umarnin a biya wani bashi kafin azumi. Mun zauna shiru muna sauraron baƙo yana karanta mana muryar kakanmu. Wannan ma yana cikin tarihin Gidan Ɗan Hausa, ko da yake babu inda aka rubuta shi a haka. Haka kuma muhawarar da ta tashi da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, reshe ce ta wannan bishiya.

Sannan akwai tambayar da masu yabo ba su cika son a yi ba: don wa aka buɗe makarantar? Turawa 'yan kaɗan ne, ƙasa kuma mai faɗi, suna mulki ta hannun sarakuna, don haka suna buƙatar 'ya'yan sarauta da za su gaji kujera suna fahimtar abin da Razdan ke so, da malaman da za su riƙe littafin haraji da na baitulmali, da masu auna gonaki da taki domin a yanka musu kuɗin ƙasa. Waɗannan ne makarantar ta fi samarwa. Da gangan kuma aka yi jinkirin koyar da Turanci, domin jami'an mulki ba sa son a samu a Arewa irin 'yan bokon Legas masu rubuta ƙorafi a jarida suna ja da gwamna. Wasu na ganin wannan kariya ce ga al'ada, kuma ta wata fuskar haka ne. Amma sakamakonsa shi ne, shekaru da dama ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa da na kamfanoni a Arewa suna cike da akawuna daga Kudu da ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma sai a farkon shekarun 1920 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Tazarar da muke kuka da ita tsakaninmu da Kudu a ilmin zamani tana da dalilai da yawa, ciki har da ƙin da iyayenmu suka yi wa boko, amma wannan manufa tana daga ciki.

Ƙin nan ma bai kamata a riƙa ba da labarinsa kamar wauta ba. Uban da ya ɓoye ɗansa a rumbu don kada dogarai su tafi da shi makaranta, da basaraken da aka ce ya kawo ɗansa ya tura ɗan baransa, mutane ne da suka ga waɗanda suka ci ƙasarsu jiya sun dawo yau suna neman 'ya'yansu. Sun yi kuskuren lissafi a kan abin da boko zai zama, amma tsoronsu yana da dalili.

Hannun da ya ɗora tubalin

Akwai kuma abin da ya fi ba ni mamaki a maganar matashin, wato ɗaukar da ya yi cewa ginin na Bature ne. Masu ba da tarihin gidan suna cewa asalinsa ya girmi zuwan Turawa, gyara shi da faɗaɗa shi aka yi a zamanin Vischer. Ko ba a faɗa ba, duk wanda ya shiga ya ɗaga kai ya san hannun da ya yi aikin. Tubali ne da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, katanga mai kaurin da ke sa mutum ya ji sanyi a ɗaki ana tsakiyar zafin bazara, azarar giginya da gara ba ta ci, da baka da aka ɗaure domin ɗaukar nauyin rufi a inda azara ɗaya ba za ta kai ba, da zankwaye a saman soro, da zane a fuskar bango. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka zo da shi daga Basel. Maginan Kano ne suka yi, da ilmin da suka gada, irin wanda ya kai ƙololuwa a hannun Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya.

Irin wannan gini yana ƙarewa a idonmu. Soron gidan da na tashi a ciki, a cikin birni, kowace shekara kafin saukar damina ake kiran magini ya yi masa yaɓe, ya gyara indararo, ya shafe rufin da makuba. Da tsofaffin suka kau, aka ce wahalar ta yi yawa, aka lulluɓe bangon da siminti. Bayan 'yan shekaru sai simintin ya fara kumbura yana ɓallewa falle-falle, domin ya hana ƙasar da ke ciki fitar da laima, kuma wata damina mai ƙarfi ta zo ta kwantar da gefe guda. Yanzu bulo ne da kwano a wurin, ɗakin kuma ba ya shiguwa da rana sai da fanka. Maginin da ke yi mana aikin ya rasu, 'ya'yansa kuma babu wanda ya ɗauki sana'ar.

Gidaje irin su Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama suna cikin 'yan wuraren da suka rage inda ɗalibin zanen gine-gine daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello zai iya taɓa wannan aiki da hannunsa. Wanda ya rushe gidan don huce haushin Bature, aikin kakanninsa ya rushe.

Kuɗin fa?

Za a ce jihar da ke da azuzuwa babu rufi da asibitoci babu magani ba ta da rarar da za ta kashe wa tsohon soro. Ban raina wannan magana ba. Amma ginin ƙasa ba ya cin kuɗi irin na gadar sama, abin da yake buƙata shi ne kulawa a kan lokaci, kuma kuɗin da aka kashe masa a aljihun magina da masu kawo ƙasa da azara yake ƙarewa, ba a wajen masu shigo da kaya daga waje ba. Idan aka ɗora wa kowane aikin gyara sharaɗin ɗaukar matasa su koyi sana'ar, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kuma kada a manta cewa tun farko da kuɗin talakawa aka yi abin, domin wani kaso na kuɗin tafiyar da makarantar daga baitulmalin sarakuna ya fito, wato daga harajin manomi da jangalin makiyayi.

Game da masu cewa a sauya wa gidan suna kuwa, ban goyi baya ba. Sunan Ɗan Hausa ba daga Ingila aka aiko da shi ba. Mutanen ƙasa ne suka laƙaba shi, kamar yadda suka kira Razdan Cargill da Mai Gunduma saboda shi ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma. Irin waɗannan laƙabobi su ne hukuncin da talakawa suka yanke wa masu mulkinsu a lokacin da ba su da wata hanyar yin magana, kuma su ma abin adanawa ne.

Abin da nake so a ƙara shi ne sauran mutanen. Ina so yaron da aka kawo yawon buɗe ido daga makarantar firamare ya tarar da sunayen malaman farko da suka zauna a ajin Nassarawa da garuruwan da suka fito, da abin da kowannensu ya zama daga baya. Ina so ya ga allo da tawada da takardar ajami a gefe ɗaya, littafin boko na farko a ɗaya gefen, a kuma gaya masa ba tare da ɓoye-ɓoye ba yadda ɗaya ya ture ɗaya. Ina so a ba shi labarin 1903 kafin a ba shi na 1909. Kayan wannan aiki ba su ɓace ba: akwai rahotannin jami'an mulki a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai Gidan Arewa, akwai kuma zuriyar ɗaliban farko a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, waɗanda wasunsu sun ji labarin daga bakin kakanninsu kai tsaye. Waɗannan na ƙarshe su ne ba za su jira mu ba, domin mafi yawansu sun haura shekara 70.

Wasiƙar kakana tana nan a cikin jakar fata a ɗakin babbar yayarmu, kuma na san gidaje da yawa a cikin birni suna da irinta a ƙasan adaka, gara da laima suna cin su a hankali. Ranar da aka ware ɗaki ɗaya a Gidan Ɗan Hausa domin irin waɗannan takardu, na riga na nemi izinin Yaya, tamu za mu fara kaiwa.